Yaro ya ƙi yin kashi a fo, ga fitsarin kwance: ta ina za a fara?

Tambaya: Wata uwa daga Mabera a nan Sakkwato ta aiko cewa: "Yarona shekararsa 2 da wata 5, ina kuma goyon ƙanwarsa 'yar wata 3. Fitsari yakan yi a fo in an matsa masa, amma kashi ya ƙi sam. Sai ya laɓe bayan ƙofa ya yi a wando, ko ya matse har kwana 3, in ya zo yi yana kuka. Da dare kullum sai ya jiƙa shimfiɗa. Uwar mijina ta ce ni na ɓata shi da Pampers, wai su a zamaninsu tun yaro bai fara rarrafe ba ya san inda ake yi. Babansa har ya fara sa masa bulala. Ga kuɗin Pampers na yara biyu ya fi ƙarfinmu. Yaya zan yi?"

Amsa: Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Abu uku kika haɗa cikin tambaya ɗaya, fitsarin rana da kashi da fitsarin kwance, kuma kowanne da hanyarsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana 3 da yake yi bai yi ba, da kukan da yake yi in ya zo yi. Wannan ba taurin kai ba ne. Mu da muke jinyar yara mun saba ganin irinsa, kuma labarin kusan iri ɗaya ne. Wata rana kashi ya yi tauri, ya fito da zafi, wataƙila har ya ɗan tsaga bakin dubura. Yaro ya riƙe abin a ransa. Washegari da ya ji kashi ya taho, sai ya matse. Shi kuwa babban hanji aikinsa ke nan tsotse ruwa daga abin da ke cikinsa, saboda haka duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake yi yana ƙara girma. Ranar da ya fito ala tilas zafin ya fi na farko, tsoro ya ƙaru. In kuma aka zo da bulala, to yanzu da ya ga fo ciwo biyu yake tunawa.

Ki lura da shi in ya laɓe bayan ƙofar nan. Za ki ga ya sandare ƙafafu, ko ya yi ɗage kan yatsu, ko ya harɗe cinyoyi yana gumi. Iyaye kan ɗauka yunƙuri yake yi, alhali riƙewa yake yi da duk ƙarfinsa. In abin ya daɗe, ƙarshen hanji kan buɗe ya saba da cika, har yaro ya daina jin alamar kashi. Daga nan sai ki riƙa ganin ɗan ruwa-ruwa yana ɓata wando ba tare da ya sani ba, a ce gudawa ce, alhali mai laushi ne ke zagaye taurarren yana zubowa. Ba na so a kai nan.

Don haka aikin farko ba na fo ba ne, na cikinsa ne. Sai kashi ya yi laushi ya daina ciwo kafin yaro ya yarda ya sake shi a inda kike so. Na san garinmu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yaro yana ta guje-guje a tsakar gida yana zubar da gumi, kuma ɗan shekara 2 ba ya cewa a ba shi ruwa sai ƙishirwa ta ci ƙarfinsa. Kada ki jira ya roƙa. Ki ware masa kofinsa, ki ba shi da ya tashi, da bayan kowane abinci, da tsakanin abinci. Ma'auninki kalar fitsarinsa: in ya yi fari-fari ruwan ya isa, in ya yi ja-ja yana da ƙarfin wari bai isa ba. Da hunturu ma haka ne, don iskar busar da jiki take yi kuma yara ba sa neman ruwa.

Sai abinci. Yaran yanzu biskit da Indomie da farar shinkafa da shayi da burodi sun cinye musu ciki, kuma duk ba su da dusar da ke tara ruwa a hanji. Abin da yake buƙata yana kasuwa da araha: wake, alale, miyar kuɓewa, miyar kuka, alayyafo, kwaɗon zogale ko na rama in an yanka ƙanana, gwanda, kankana, mangwaro a lokacinsa, lemo a ba shi ya ci har da tsokarsa maimakon a matse masa ruwan kawai. Kunun gero ko na dawa kada a tace shi har ya zama ruwa zalla. Dabino ma yana taimakawa, a cire ƙwallon tukuna. Madara kuwa, ko ta gwangwani ko nonon shanu, in ta wuce kamar rabin lita a yini takan toshe wa yaro cin abinci, wasu yaran kuma ta taurara musu kashi. Fura da nono ba laifi, amma kada ta zama ita ce abincin safe da rana da dare.

Zan faɗa miki gaskiya, yaron da ya riga ya kai ga riƙe kashi kwana 3 yana kuka, sau da yawa abinci da ruwa kaɗai ba sa warware shi. Ki kai shi a duba cikinsa, a rubuta masa maganin sassauta kashi na yara, irin su laktulos, gwargwadon nauyinsa. Inda iyaye ke tuntuɓe shi ne da sun ga ya yi sau biyu lafiya sai su ajiye kwalbar. Hanjin da ya buɗe ba ya komawa daidai cikin mako guda, tsoro ma haka. Akan ci gaba da maganin makonni, wani lokaci watanni, a riƙa ragewa a hankali bisa shawarar wanda ya rubuta. Abin da nake roƙon ki bari shi ne tura gutsuren sabulu a duburarsa, da ɗura masa ruwan kanwa, da jiƙe-jiƙen da ake cewa na basir ne. Sabulu ƙona fatar wurin yake yi, kuma yaron da ke tsoron abin da ke fita ta nan, ki duba yadda zai ji in an danne shi an tura masa wani abu.

Yanzu maganar Hajiya, uwar mijinki. Ba ƙarya ta yi ba, kada ki ɗauke ta a haka. Iyayenmu kan zauna su miƙe ƙafafu, su ɗora jariri a kan ƙafafun, su yi masa ɗan sautin da ya saba, ya yi abin da zai yi, tun yana 'yan watanni. Ba mu kaɗai ba ne ma. A 1977 an wallafa wani bincike kan mutanen Digo na gabar tekun Kenya, inda aka ga jariransu suna daina ɓata jiki tun suna wata 5 zuwa 6 ta irin wannan hanya. Sai dai a duba abin da ke faruwa a ciki: ba jaririn ne ya iya ba, uwar ce ta iya jaririn. Yana bayanta yini guda, ta san motsinsa, ta san lokacinsa, ga kakanni da goggonni a gida masu karɓar ta. Yaro ya ji da kansa, ya riƙe, ya taka zuwa fo, ya tuɓe wando, ya saki, wannan sai jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara da dubura sun nuna, kuma galibi daga wata 18 zuwa shekara 3 ne hakan ke samuwa. Ɗanki yana tsakiyar wannan zango, bai makara ba.

Wani ɓangare na zarginta ma yana da tushe. Pampers tsotse fitsari yake yi nan take, yaro ba ya jin jiƙa, don haka ba ya haɗa abin da ya ji a mararsa da abin da ya biyo baya. Ƙunzugun tsumma na da bai ɓoye masa komai. To maimakon ku tsaya gardamar wa ya ɓata wa, ki jawo ta cikin aikin. Ki ce mata, "Inna, mijin naki ya fi jin maganarki, ki taya ni zama da shi." Wasan da ke tsakanin kaka da jika yana da amfani a nan, domin abin da yaro ya ƙi yi wa uwarsa don ta matsa masa, sau da yawa yakan yi wa kakarsa cikin raha. Sharaɗi ɗaya ne, ban da gori.

Ga yadda nake so yininku ya kasance. Da rana in kuna gida, a cire Pampers gaba ɗaya, a sa masa wando na auduga mai roba wanda zai iya ja ƙasa da kansa. Ki tanadi da yawa, ranar Sakkwato ba ta barin wanki ya kwana. Ki naɗe darduma da kafet na ɗan lokaci, ki bar leda ko tabarmar roba. Fo ɗin ya zama mai faɗin gindi wanda ba ya tangaɗi, kuma in ya zauna tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwoyi su ɗan ɗara ƙugu tsawo. Wannan zama kusa yake da tsuguno, kuma tsuguno ne ke miƙar da ƙarshen hanji kashi ya fito ba wahala. In gidanku masan zama ne na zamani, kada a ɗora shi ƙafafu na lilo, a sa masa 'yar kujera ya taka. A ajiye fo wuri ɗaya da ya sani, kusa, ba can ƙarshen gida ba inda kafin ya isa aikin gama ya gama.

Lokaci ya fi komai muhimmanci. Idan abinci ya sauka a ciki, hanji kan motsa da kansa bayan kamar minti 15 zuwa 30, kuma motsin ya fi ƙarfi bayan karin safe. To nan za ki kama. Ya gama shan kunu, a ɗan jima, ki ce "zo mu zauna", ba "kana jin tutu?" ba, domin ɗan shekara 2 amsarsa a'a ce ko da me aka tambaye shi. Minti 5 ya isa. In bai yi ba ya tashi, ba faɗa, sai bayan abincin rana. Ina ganin gidajen da ake dasa yaro a kan fo a tsakar gida kusan awa guda, uwa ta tafi girki ta manta da shi. Wannan yana sa shi ƙin fo, kuma dogon zama da yunƙuri na iya sa baya ta fito wa yaro, musamman wanda ya sha gudawa ko yake da rama. Ki zauna kusa da shi, ko da kina shayar da ƙanwarsa ne, ki yi masa tatsuniya. Ki ba shi balan-balan ko usur ya hura, domin hurawa tana tura ciki ƙasa ba tare da ya san yana yunƙuri ba. Fitsari kuma ki kai shi duk bayan kamar awa 2, da tashi daga barci, da kafin fita unguwa.

Idan ya kafe shi a wando ko a Pampers zai yi kashi, kada ki hana shi a wannan matakin, domin hanawa riƙewa za ta haifar, kuma riƙewar muke yaƙi da ita. Ki bi shi mataki-mataki. Da farko in ya ji, ya faɗa, a ɗaura masa ƙunzugu, amma ya je ya yi a gefen fo maimakon bayan ƙofa. Bayan kwanaki ya zauna kan fo da ƙunzugun a jikinsa. Daga nan a riƙa kwance shi a shimfiɗa cikin fo, har a daina. In ya gama ku tafi tare ki juye a masai yana gani, ya san can ne gidansa. Ta fuskar kuɗi ma kin rage, tunda tsohon zane da aka yayyanka ya isa wannan aiki, Pampers ya koma na dare da na fita kawai.

Yabo kuwa a yi shi tun daga zama, ba sai ya yi ba. "Madalla, ka zauna kamar babba" ya wadatar. In ya yi, a gaya wa Inna, a gaya wa babansa in ya dawo, yana ji. In ya ɓata wando, ki ce "tutu a fo ake yi", ki wanke shi, ki wuce. Ban da "ƙazami", ban da toshe hanci ana cewa yana ɗoyi, kuma ki hana yaran gida yi masa dariya. Duk wanda ke kula da shi, ko 'yar raino ce ko abokiyar zama, kalma ɗaya za a riƙa amfani da ita kuma tsari ɗaya.

Kada ki manta wata 3 kacal ke nan da aka sauke shi daga matsayinsa. Yana gani ana wanke ƙanwarsa ana yi mata wasa duk lokacin da ta ɓata jiki, shi kuma in ya yi a dake shi. Yara da yawa kan koma baya in an yi musu ƙane, har wanda ya riga ya iya. Haka yake faruwa lokacin yaye, ko tashi daga gida, ko bayan zazzaɓi, ko tafiyar salla. Ki samar masa ɗan lokaci nasa shi kaɗai kullum, ko minti 10 ne, wanda ba maganar fo a ciki. Ki kuma sa shi aiki, ya miƙo miki buta, ya kawo zanen jaririya, ya ji shi yaya ne.

Maganar babansa ki same shi ku biyu, ba gaban yaro ba, ba gaban mahaifiyarsa ba. Ki bayyana masa cewa dubura sai jiki ya saki take buɗewa, mai jin tsoro kuwa ɗaurewa yake yi, don haka bulala kishiyar abin da ake nema take kawowa. In yana son hujja daga addini, ga ta: Ummu Ƙais ta kawo ɗanta ƙarami wurin Manzon Allah (SAW), yaron ya yi masa fitsari a tufafi, abin da ya yi kawai shi ne ya sa aka kawo ruwa. Sannan ki ba maigidan nasa rabon. Zaman safe bayan karin kumallo, kafin ya fita, ya fi dacewa da shi, kuma ɗa namiji yana son kwaikwayon ubansa. Ke kuma don ranki ya huta da zullumin najasa, ki ware zane da hijabi na salla ki rataye nesa da yara, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka so mai shayarwa ta yi.

Masan rami ba wurin ɗan shekara 2 ba ne. Ramin yana ba shi tsoro kuma yana da gaskiya, don ƙafa na iya zurmawa. A rufe bakinsa da murfi, a ja ƙofa. Bokiti ko baho mai ruwa ma kada a bar shi a buɗe a banɗaki, yaro mai wannan shekaru nauyin kansa kan rinjaye shi, in ya kifa ciki ba ya iya fitowa. Addu'ar shiga da ta fita ki riƙa yi a bayyane yana ji, zai ɗauka, amma ban da ba shi tsoro da aljanu ko dodon banɗaki. Tsarki ke za ki riƙa yi masa har nan da 'yan shekaru, kina nuna masa hannun hagu. In ƙanwarsa ta taso, ita daga gaba zuwa baya ake wankewa, don kada ƙwayoyin cutar kashi su shiga mafitsara. Akwai kuma wani zato da ya zauna mana, wai kashin yaro ba ya da illa, shi ya sa ake watsa shi a kwata ko a bola, ko a bar fo a buɗe ƙudaje na bi. Kwalara da taifot da shan inna da tsutsar ciki duk ta kashi suke yawo, kuma da damina ruwa kan kwashe na kwata ya kai inda ba a so. A juye a masai nan take, a wanke fo da sabulu, ku wanke hannu ke da shi. In gudawa ta kama shi, a dakatar da koyon, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Fitsarin kwance kuwa ki cire shi daga lissafi yanzu, domin ba a koyar da shi. Sai mafitsara ta girma, jiki ya fara fitar da isasshen sinadarin da ke rage haɗa fitsari cikin dare, ƙwaƙwalwa kuma ta iya tada yaro in mara ta cika. Likitoci ba sa kiran shi matsala kafin shekara 5, kuma ko a shekara 5 ɗin kusan yara 15 cikin 100 suna yi. Yana bin jini sosai. In kun saba da Hajiya, ki tambaye ta a asirce shekarar da babansa ya daina, amsar na iya rage zafin bulalar. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a bar shayi da lemon kwalba da dare. Yawancin ruwansa ya sha da rana, amma in ya nema da dare a ba shi, a garin nan ba a hana yaro ruwa. Tada shi tsakar dare yana magagi na iya tsirar da katifa, sai dai ba ya gaggauta dainawa. Waƙar amalala da ake tara yara su yi wa mai fitsarin kwance ba ta taɓa busar da shimfiɗa ba, kunya kawai take dasa wa yaro. Sau da yawa ma in aka magance taurin kashi fitsarin kan ragu, saboda cikakken hanji danne mafitsara yake yi.

In ba ku san genotype ɗinsa ba, wato gwajin jinin da ke nuna ko yana da sikila, a gwada. Yaro mai sikila ƙodarsa ba ta iya tattara fitsari yadda ya kamata, don haka yakan yi fitsari da yawa kuma ya daɗe yana na kwance. Irin wannan yaro rage masa ruwa na iya tayar masa da ciwo.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida: ciki ya kumbura yana amai, musamman kore, jini a kashi da ya wuce ɗan layi a jikin taurarren kashi, taurin kashi da ya faro tun haihuwa, ko in kin tuna bai yi baƙin kashin farko ba sai bayan kwana 2, zazzaɓi tare da kuka lokacin fitsari, fitsari yana ɗiga koyaushe ko yana fita da kyar ba ƙarfi, yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama, wanda ke iya zama ciwon sukari, da jini a fitsari, wanda a yaran da ke wasa a gulbin Rima ko ruwan fadama yakan zama tsargiya. Ki fara da asibitin unguwarku. In ana buƙatar ƙarin bincike za su tura ki Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Ƙwararru, ko sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin ki je, ki rubuta a takarda ranakun da ya yi kashi cikin mako guda, da taurinsa ko laushinsa, da ko ya yi kuka, da duk wani magani ko jiƙo da aka riga aka ba shi, ki tafi da ita tare da katin rigakafinsa.